SHIN KAMFANIN INSHORA NA DA IKON NEMAN SHAIDAR LASISIN TUƘI?

Bayani ga masu ababen hawa da shugabannin al'umma a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun

GABATARWA

A ci gaba da ƙoƙarinmu na wayar da kan jama'a game da dokokin da suka shafi harkokinsu na yau da kullum, mun ga ya dace a wannan karo mu yi bayani a kan wata tambaya da ta shafi duk mai abin hawa, tun daga mai babur har zuwa mai tirela. Tambayar ita ce: shin kamfanin inshora yana da hurumin ya ce sai an nuna masa lasisin tuƙi kafin ya sayar wa mutum inshora, ko kuma kafin ya biya asara bayan an yi haɗari?

Wannan tambaya ta ƙara muhimmanci tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Nijeriya, bisa umurnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta fara tsaurara binciken takardar inshora a hanyoyin ƙasar nan.

Mun keɓe bayanin ga waɗannan ƙananan hukumomi uku ne saboda yawan zirga-zirgar da ake yi a cikinsu. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Talata Mafara, kuma kasuwar garin da ke ci kowace Talata tana tara motoci daga sassa da dama. Haka nan madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta sa noman rani ya zama babbar sana'a a yankin, inda ake kwaso shinkafa da tumatir da sauran amfanin gona a cikin a-kori-kura da kanta da babura. A irin wannan hada-hada, sau da yawa ba mai motar ne ke tuƙa ta ba; ɗansa ne, ko ƙanensa, ko direban da ya ɗauka, wani lokaci ma yaron mota. A nan ne kuwa maganar lasisi take shafar inshora.

AMSA A TAƘAICE

Amsar ita ce e, kamfanin inshora yana da wannan iko. Yana iya neman shaidar lasisi a lokacin da ake sayen inshora, yana kuma iya nemanta a lokacin da aka zo neman biyan asara. Lasisin da ya fi damun kamfani shi ne na mutumin da ke riƙe da sitiyari a sa'ar da haɗari ya auku, ko shi ne mai motar ko ba shi ba ne. Sai dai wannan iko yana da iyaka, kuma za mu bayyana iyakar a gaba, domin kada a zalunci kowa.

DOKOKI BIYU DA KE TAFIYA TARE

Domin a fahimci asalin wannan iko, wajibi ne a san cewa dokoki biyu ne ke hawa kan mai abin hawa a lokaci guda.

Ta farko ita ce dokar inshora. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka, a 1945, aka kafa dokar da ta wajabta wa duk mai mota ya mallaki inshorar ɓangare na uku, dokar ta kuma fara aiki a 1950. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu shi ne kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne duk wani mutum dabam da motar ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa da aka kaɗe, ko mai babur da aka ture, ko mai shagon da aka rusa wa bango. Daga baya aka yi Dokar Inshora ta 2003. A 2025 kuma Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin waɗancan tsofaffin dokoki ta haɗe su wuri guda. Wajibcin inshorar ɓangare na uku yana nan bai gushe ba. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin ita ce Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997.

Ta biyu ita ce dokar hanya. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988, kuma dokarta ta 2007 tare da ƙa'idojin amfani da hanya na 2012 sun haramta wa kowa tuƙi ba tare da ingantaccen lasisi ba. Jadawalin dokar ta 2007 ya sanya tarar naira 10,000 a kan wannan laifi.

Da yake doka ta hana marar lasisi hawa hanya, kamfanin inshora ba ya ɗaukar wa kansa nauyin abin da doka ta hana. Saboda haka ne takardar shaidar inshorar mota take ɗauke da wani sashe da ke bayyana mutanen da aka yarje wa su tuƙa motar. Galibi sashen yana ambaton mai inshorar da duk wanda ya tuƙa da izininsa, sannan ya gindaya sharaɗin cewa wajibi ne mai tuƙin ya kasance dokar lasisi ta ba shi damar tuƙa irin wannan mota, kuma kotu ba ta haramta masa tuƙi ba. Muna kira ga kowane mai abin hawa da ya ɗauko takardarsa ya nemi wannan sashe, in ba ya karanta Turanci ya sa a karanta masa. Wanda ya karɓi takardar ya amince da sharaɗin ke nan, ko ya karanta ko bai karanta ba.

DALILIN DA YA SA KAMFANI KE TAMBAYA

Inshora yarjejeniya ce da aka gina a kan gaskiya da riƙon amana. Kamfani yana karɓar kuɗi kaɗan, ya yi alkawarin biyan kuɗi masu yawa idan tsautsayi ya faɗa. Misali, a tsarin da NAICOM ta fitar wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, kuɗin inshorar ɓangare na uku na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa naira miliyan 3. A wannan tsari, mai babur ya biya naira 3,000 a rufe masa ɓarnar dukiya har naira miliyan 1, mai keke Napep naira 5,000 a rufe masa har naira miliyan 2, mai babbar motar ɗaukar kaya kuma naira 100,000 a rufe masa har naira miliyan 5. Wannan ƙayyadewa ta shafi dukiya ne. Diyyar rauni ko rasa rai lissafinta dabam ne.

Duk wanda zai karɓi naira 15,000 ya ɗauki alkawarin naira miliyan 3, yana da haƙƙin ya san hannun da zai riƙe motar. Kamfani ba ya iya bin kowane direba ya jarraba shi a kan hanya. Abin da yake dogara da shi shi ne lasisi, domin lasisi shaida ce ta hukuma cewa mutum ya kai shekara 18, ya koyi tuƙi, an kuma jarraba shi ya ci.

Akwai kuma dalili na biyu da ya kamata a bambance shi da na farko. Dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram sun wajabta wa kamfanonin hada-hadar kuɗi, har da na inshora, su tabbatar da ko wane ne abokin hulɗarsu. Don wannan buƙata, katin ɗan ƙasa ko katin zaɓe ko fasfo yana wadatarwa, ba lalle sai lasisi ba. Amma idan tambayar ta shafi cancantar tuƙi ce, babu takardar da ke maye gurbin lasisi.

LOKACIN SAYE DA LOKACIN BIYA

Mutane da yawa sukan ce: ai mun sayi inshora, ba wanda ya tambaye mu lasisi. Wannan gaskiya ne, musamman ga inshorar ɓangare na uku, wadda ake iya yanka da takardun mota kawai. Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan asarar motar mai ita ma, ita ce aka fi cike mata dogon fom mai tambayoyi a kan direba da shekarunsa da lasisinsa da haɗuran da ya taɓa yi.

Rashin tambaya a ranar saye bai soke sharaɗin da ke cikin takarda ba. Ranar da aka yi haɗari aka je neman biya, kamfani zai ba da fom, ya kuma nemi kwafin lasisin wanda ke tuƙi, tare da rahoton 'yan sanda da hotunan ɓarna da ƙiyasin kuɗin gyara. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka ƙyale ranar saye, shi ne zai fara fitowa ranar biya.

Idan kuwa an yi tambayar a fom, wajibi ne a faɗi gaskiya. Dokar Inshora ta 2003 ta kafa ƙa'idar cewa kamfani ne zai tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da ya ɗauka mai muhimmanci, abin da bai tambaya ba kuma ba za a ɗauke shi muhimmi ba. Darasin da ke ciki shi ne duk abin da aka tambaya a rubuce yana da nauyi. Wanda ya rubuta cewa direbansa yana da lasisi alhali ba shi da shi, ya ba kamfani hujjar soke yarjejeniyar da hannunsa. Muna kuma jan hankalin jama'a da kada su sa hannu ko su dangwala yatsa a fom ɗin da wani ya cike musu, sai an karanta musu abin da aka rubuta.

LASISIN WA AKE NEMA?

Mallakar mota dabam, tuƙa ta dabam. Dattijo ko 'yar kasuwa ko ƙungiyar manoma duk suna iya mallakar mota su yi mata inshora da sunansu ba tare da sun iya tuƙi ba. A irin wannan hali, sai a shaida wa kamfani cewa direba ne zai riƙa tuƙa motar, a kuma ba da lasisinsa idan an nema. Wasu yarjejeniyoyin sukan ambaci sunayen direbobin da aka amince da su kawai. Idan haka ne, duk lokacin da aka sauya direba sai a sanar da kamfani a rubuce.

Bari mu ba da misali. Mu ɗauka wani manomi a ƙasar Bakura yana da a-kori-kura, inshorarsa ingantacciya, direbansa kuma yana da lasisi. Ranar wata Talata direban ya kwana da zazzaɓi, ga tumatir an riga an yi lodi, ana tsoron ya lalace. Sai manomin ya miƙa wa ɗansa mabuɗi, yaro mai shekara 17 wanda ya iya tuƙi a gona amma ba shi da lasisi. A kan hanyar zuwa Talata Mafara yaron ya bugi wata mota. Takardar inshora tana cikin motar, kwananta bai ƙare ba, amma wanda ke tuƙi ba ya cikin waɗanda takardar ta yarje wa. Kamfani yana da hujjar da zai ce nauyin bai hau kansa ba, sai manomin ya wayi gari yana sayar da shanu ko gona don ya biya abin da ya ɗauka inshora za ta biya. Asarar kwandunan tumatir da ya guje wa ba ta kai ko kusa da wannan ba.

Haka abin yake ga yaron mota da ake ba wa ya juya mota a tasha ko ya kai ta wanki. Tafiyar gajeruwa ce, amma sharaɗin bai bambanta doguwar tafiya da gajeruwa ba.

LASISI RUKUNI-RUKUNI NE

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa duk mai lasisi yana iya tuƙa kowane abin hawa. Lasisin Nijeriya rukuni-rukuni ne, kuma harafin rukunin yana rubuce a jikin katin. Rukunin A na babur ne. Rukunin B na ƙananan motoci ne da nauyinsu bai kai tan 3 ba, waɗanda ba na haya ba. Rukunin F na tarakta da injinan noma ne. Rukunin G na tirela ne da makamantanta masu jan bodi. Rukunin H na motocin tonon ƙasa ne irin su katafila, rukunin J kuma na masu buƙata ta musamman. Sauran rukunonin, wato C da D da E, sun shafi motocin haya da manyan motoci gwargwadon nauyinsu da irin aikinsu.

Mai lasisin B da ya hau tirela, a idon doka da idon kamfani, daidai yake da marar lasisi a kan wannan mota. Wannan ya shafi masu tarakta a filayen Bakolori, domin tarakta takan bar gona ta hau titi tana jan kaya. Ya kuma shafi 'yan kabu-kabu, waɗanda da yawansu ba su ɗauki lasisin babur a matsayin wajibi ba.

LASISIN DA YA ƘARE, NA WUCIN GADI, DA NA JABU

Ana ba da lasisi na shekara 3 ko na shekara 5. Idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, tuƙi da shi laifi ne a dokar hanya. Ta fuskar inshora kuwa, abin ya danganta da lafazin takardar. Wasu takardun suna rufe wanda ya taɓa mallakar lasisi kuma kotu ba ta haramta masa tuƙi ba, wasu kuwa sun ce sai lasisin yana aiki a ranar haɗari. Maimakon jiran gardama a kan lafazi, abin da ya fi shi ne a sabunta kafin ranar ƙarewa.

Lasisin wucin gadi da ake bayarwa bayan ɗaukar hoto da zanen yatsu yana aiki na kwana 60, kuma shaida ce halastacciya a cikin wa'adinsa. Duk wanda katinsa na dindindin ya yi jinkirin fitowa, ya koma ofishin da ya yi rajista a sabunta masa shaidar, ya kuma adana rasiɗinsa.

Mai koyon tuƙi yana buƙatar takardar izinin koyo da alamar L a jikin mota da kuma ƙwararren direba mai lasisi a gefensa. Kafin a koya wa yaro tuƙi da motar gida, a tambayi kamfani ko inshorar ta rufe mai koyo.

Babbar musiba ita ce lasisin jabu. Hukumomi uku ne ke da hannu wajen fitar da lasisi: hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, da jami'an VIO masu jarraba direbobi, da kuma FRSC mai ɗaukar bayanai da buga kati. Sabon mai nema sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, ya gabatar da lambarsa ta ɗan ƙasa, ya kuma je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Duk wanda ya ba ɗan baranda kuɗi da ƙaramin hoto, aka kawo masa kati har gida ba tare da ya taka ofis ba, to ya yi shakkar abin da ke aljihunsa. Kamfanoni suna iya tantance lambar lasisi a rumbun bayanan FRSC, kuma wanda ba a samu a can ba, ba lasisi ba ne. Ita ma takardar inshora ana yin jabunta, ana kuma iya tantance ta da lambar mota a rumbun NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya.

MAKOMAR WANDA AKA KAƊE

Tambayar da ta fi taɓa zuciya ita ce ta mutumin da bai ji ba bai gani ba. Idan direba ba shi da lasisi, mene ne laifin wanda aka kaɗe?

Dokar 1945 ta lissafa wasu sharuɗɗa da kamfani ba zai fake da su ya hana ɓangare na uku haƙƙinsa ba, kamar shekarun direba, da lafiyar mota, da yawan mutanen da ta ɗauka, da nauyin kaya. A irin waɗannan, kamfani ya biya sannan ya bi mai inshorar bashi. Sharaɗin lasisi bai shiga wannan jeri ba, abin da ya bar wa kamfanoni ƙofar kafa hujja da shi.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Birtaniya, dokar hanya ta 1988 ta tilasta wa kamfani ya biya wanda kotu ta yanke wa diyya ko da direban ba shi da lasisi, daga baya kamfanin ya nemi kuɗinsa daga wanda ya jawo. A Indiya kuma, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2004, a shari'ar kamfanin National Insurance da Swaran Singh, cewa rashin lasisi kaɗai bai isa ya hana wanda aka cuta haƙƙinsa ba, sai kamfani ya tabbatar da sakacin mai motar, kuma ana iya umurtarsa ya biya sannan ya bi mai motar.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan tsare-tsare, nauyin yana komawa kan mai motar da ya miƙa mabuɗi ga marar lasisi. Shi kuwa wanda aka cuta, ƙin biyan kamfani bai kashe haƙƙinsa ba. Yana da damar kai ƙarar direba da mai motar a kotu. Muna ba shi shawarar ya tabbatar an kai rahoto ga 'yan sanda, ya adana takardun asibiti, ya rubuta lambar motar da sunan kamfanin inshorarta, ya kuma nemi shawarar lauya da wuri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi.

IYAKAR IKON KAMFANI

Kamar yadda muka ambata tun farko, ikon kamfani ba sakaka yake ba.

Na ɗaya, sharaɗin lasisi ya shafi lokacin da ake tuƙa mota ne. Idan mai cikakkiyar inshora ya ajiye motarsa a ƙofar gida aka sace, ko gobara ta cinye ta, lasisi ba shi da alaƙa da asarar. Dokar 2003 ta fito da wannan ƙa'ida fili, cewa saɓa sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da alaƙa da asarar da aka yi ko an yi zamba. Wanda aka hana haƙƙinsa a irin wannan hali yana da dalilin kai kuka.

Na biyu, kwafi kamfani ke buƙata. Yana iya neman ganin ainihin katin don ya gwada, amma ba shi da ikon riƙe shi.

Na uku, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk wanda ya karɓi bayanan mutum ya yi amfani da su don dalilin da ya karɓa kawai, ya kuma tsare su.

Na huɗu, idan kamfani ya ƙi biya, a nemi ya rubuta dalilinsa. Da wannan wasiƙa da kwafin takardun inshora ake kai ƙorafi sashen sauraren koke na NAICOM, ƙofar kotu kuma a buɗe take.

GA MASU NEMAN TAKAFUL

Mun san cewa a jiharmu akwai masu ƙyamar inshora saboda dalilai na addini. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato tsarin taimakekeniya da ya dace da shari'ar Musulunci, a 2016 kuma ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful izinin aiki. Takaful ɗin mota daga kamfani mai rajista yana cike wajibcin da doka ta ɗora. Sai dai shi ma yana da sharaɗin lasisi, domin kuɗin da ake biya daga asusun taron mahalarta yake fitowa, kuma masu kula da asusun amana ce a hannunsu.

NAUYIN DA KE KAN SHUGABANNI

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin ma'aikata da jami'an sufuri da su buɗe fayil ga kowane direban da ke tuƙa motar hukuma, har da motar ɗaukar marasa lafiya da tarakta, a ajiye kwafin lasisinsa da rukuninsa da ranar ƙarewarsa, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Kada a bari masinja ko maigadi ko ɗan gidan wani jami'i ya hau motar gwamnati. Idan aka yi haɗari kamfani ya ƙi biya, daga baitulmalin jama'a kuɗin zai fita.

Ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu a tashoshin Talata Mafara da Bakura da Maradun, su sanya nuna lasisi cikin sharuɗɗan shiga layi, su kuma shirya wa yaran mota da suka kai shekaru hanyar samun nasu ta halal.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda sau da yawa gabansu ake fara kai maganar haɗari don sulhu, muna roƙon su lura da abu ɗaya. Yarjejeniyar inshora takan hana mai mota amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da yardar kamfani ba. Sulhu alheri ne, amma kafin a yanke adadin kuɗi, a tambayi ko motar tana da inshora, a tambayi lasisin direba, a kuma sa a sanar da kamfani nan take. Yin haka yana kare mai motar, yana kuma ƙara wa wanda aka cuta damar samun cikakken haƙƙinsa.

KAMMALAWA

Muna shawartar duk mai abin hawa da ya yi abubuwa huɗu tun yau: ya duba sashen direbobi a takardar inshorarsa, ya karɓi lasisin duk wanda ke tuƙa masa mota ya duba rukuni da ranar ƙarewa, ya tantance lasisin da inshorar a rumbun hukuma, ya kuma ajiye kwafinsu a gida ban da wanda ke cikin mota. Wanda ba shi da lasisi ya tuntuɓi ofishin FRSC ko na VIO ko na hukumar tattara kuɗin shiga mafi kusa da shi, ya biya kuɗin ta hanyar da hukuma ta tsara, ya karɓi rasiɗi. Iyaye kuma su daure su hana 'ya'yansu mabuɗi har sai sun kai shekaru sun mallaki lasisi, komai matsin da ake ciki ranar kasuwa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke kowane matafiyi lafiya.